Haɗewar diyutaron da hiliyam-3 a ƙaramin kuzari: nazarin lissafin wata ɗaliba a Katsina da ya gaza ninki goma

Aikin da aka ba ɗalibar, wadda ke ajin ƙarshe a sashen fiziks na wata jami'a a Katsina, a takarda bai wuce layi uku ba. An ce ta ɗauko alƙaluman gwaje-gwajen da aka riga aka wallafa kan haɗewar diyutaron da cibiyar atam ɗin hiliyam-3, ta lissafa saurin haɗewar a cikin gas mai zafin 10 keV (keV ma'aunin kuzarin ƙwayoyi ne, daidai da eV dubu, MeV kuma keV dubu ne), wato kusan digiri miliyan 116 a ma'aunin Kelbin, sannan ta gwada amsarta da ta Bosch da Hale ta 1992, wadda masu binciken makamashin haɗewar cibiyoyi suka fi dogara da ita. Amsar da ake sa ran gani kusan 2×10⁻¹⁹ cm³ a daƙiƙa ce. Tata ta fito kusan 2×10⁻²⁰.

Diyutaron cibiyar haidurojin mai nauyi ce, furoton ɗaya da niyutoron ɗaya. Hiliyam-3 kuwa furoton biyu ne da niyutoron ɗaya. Idan suka haɗe sai a samu hiliyam-4 da furoton guda, tare da kuzarin 18.35 MeV, furoton ya tafi da kusan 14.7, hiliyam-4 ya tafi da kusan 3.6. Wannan haɗewa na cikin waɗanda suka cinye hiliyam-3 a mintocin farko na samuwar sararin samaniya, kuma masu neman makamashi na sha'awarta saboda ita kanta ba ta fitar da niyutoron. Dalilin da ya sa ta dace da aikin ɗalibi shi ne an auna ta har ƙasa da 10 keV, kuma alƙaluman suna nan kyauta a rumbun EXFOR da hukumar makamashin nukiliya ta duniya ke kula da shi. Babu na'urar harba ƙwayoyi ta irin wannan awo a Katsina. Cibiyar binciken makamashi ta Zariya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya tun 2004, Ile-Ife kuma tana da na'urar harbi mai bolt miliyan 1.7, amma ba don irin wannan awo aka girka su ba. Kayan aikin ɗalibar dai kwamfutar cinya ce, da Excel, da datar waya.

Shingen da ke ninka kowane kuskure

Cibiyoyin biyu duk cajinsu iri ɗaya ne, don haka tunkuɗe juna suke yi. Kuzarin tunkuɗar shi ne 1440 keV a ninka da cajin biyun, a raba da tazarar da ke tsakaninsu a ma'aunin femtomita. Femtomita ɗaya 10⁻¹⁵ na mita ne. A nan cajin 1 ne da 2, wato 2880. Ƙarfin da ke manna cibiyoyi ba ya aiki sai sun kusanci juna da kamar femtomita 4, inda tsayin shingen ya kai kusan 700 keV. Diyutaron da ya zo da 6 keV zai tsaya cak a femtomita 480, ya juya. Da dokokin Newton kaɗai ke aiki, da babu haɗewa ko ɗaya. Abin da Gamow ya nuna a 1928 shi ne ƙwaya na iya ratsa shingen ba tare da ta haura shi ba, sai dai yiwuwar hakan na raguwa da sauri ƙwarai gwargwadon kaurin da za ta ratsa. Shingen ya yi kama da ganuwar ƙasa irin ta Katsina, siririya daga sama, mai kauri daga gindi: mai ɗan kuzari daga gindi yake tarar da ita.

Ana auna yiwuwar haɗewa da abin da za mu kira faɗin karo, alamarsa σ, ma'auninsa barn, wato 10⁻²⁴ cm². Ga waɗannan cibiyoyi biyu ana rubuta shi haka, E tana cikin keV:

σ(E) = [S(E) / E] × exp(−68.75 / √E)

Lambar 68.75 daga cajin cibiyoyin da nauyinsu ta fito. Duk abin da ya shafi ainihin aikin cikin cibiya an tattara shi a S(E), kuma a ƙaramin kuzari S ba ta cika motsi ba: tana nan kusa da 6000 keV-barn, tana hawa a hankali yayin da ake tunkarar ƙololuwar faɗin karon da ke wajen 250 keV, inda yake kusantar barn ɗaya. A 10 keV lissafin ya ba da microbarn 0.22. A 6 keV ya ba da nanobarn 0.65. Ragin 4 keV kacal ya sauko da faɗin karo ninki 335. Wata hanyar faɗin wannan ita ce: a 6 keV, kuskuren kashi 1 cikin 100 a kuzari, wato 60 eV, yana zama kuskuren kashi 13 cikin 100 a σ. A 10 keV yana zama kashi 10. Duk abin da ya faru da wannan aiki daga nan ya samo asali.

Inda ninki goman ya shige

Da ta ga amsarta ta gaza ninki goma, ɗalibar ta ɗauka ɗigo ne ya goce mata a wani wuri, ta koma tana bin ma'aunai ɗaya bayan ɗaya. Tunanin ba na banza ba ne, domin rikita barn da milibarn ya zama ruwan dare. Amma wannan rikicin ninki dubu yake haifarwa, ba goma ba. Ta kai wa malamin da ke duba aikin, ta ce, "Malam, ninki goma ne kusan cif, na duba ɗigon ban gan shi ba." Ya ce ta bar neman ɗigo, ta juya lissafin baya, ta fitar da S daga kowane awo, ta zana ta a giraf.

Wannan shawara ita ce mafi amfani a duk aikin, kuma ya kamata ta zama matakin farko ga duk mai taɓa irin waɗannan alƙaluma. Zanen σ da kansa ba ya nuna komai, domin layin yana gangarowa ta ninki miliyoyi, mai kyau da marar kyau duk kamarsu ɗaya a ido. Zanen S kuwa ya kamata ya kwanta kusan a miƙe, don haka kowace karkata tana fitowa fili. Nata zanen bai kwanta ba. A wajen 50 keV ta samu kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ya kamata, a 10 keV kuma ta samu 18 keV-barn a maimakon 6000. Kuskuren ma'auni da ya saukar da duka layin daidai wa daida. Wannan kuwa yana ƙaruwa ne yayin da kuzari ke raguwa, alamar cewa matsalar tana cikin E ɗin da ke ƙarƙashin alamar tushe.

E ɗin da ke cikin lissafin ba kuzarin da na'ura ta ba diyutaron ba ne. Idan diyutaron ya tunkaro hiliyam-3 da ke zaune, wani ɓangare na kuzarinsa yana tafiya ne wajen ɗaukar su biyun gaba tare, kuma wannan ɓangaren ba ya taimaka wa ratsa shinge. Abin da ya rage, wanda ake kira kuzarin tsakiyar nauyi, shi ne kuzarin ɗakin gwaji a ninka da nauyin abin hari, a raba da jimillar nauyin biyun. A nan 3 bisa 5 ne, ko 0.5996 in ana son daidai. Diyutaron mai 10 keV a na'ura 6 keV ne a lissafi. EXFOR na bambanta su a kan layin alƙaluma: EN na ɗakin gwaji ne, EN-CM na tsakiyar nauyi. Lokacin da ta kwafo alƙaluman zuwa Excel, lambobin kawai ta ɗauko, ta bar kanun.

Me ya sa gibin ya tsaya a kusan goma? A gas mai zafin 10 keV yawancin haɗewar ba daga ƙwayoyi masu 10 keV take fitowa ba. Masu ƙaramin kuzari suna da yawa amma ba sa ratsa shinge, masu babban kuzari suna ratsawa amma ba su da yawa, sai aikin ya taru a tsakani, a wajen 49 keV. Ita kuma a gurbin faɗin karon 49 keV ta sa na 29.4 keV, kuma tsakanin su biyun ninki goma da ɗan ɗori ne. Da an ba ta zafin 2 keV, da gibin ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma da ba ta ɓata lokaci kan ɗigo ba.

Ta ninka duk kuzarin da 0.6. Yawancin ɗigogin suka hau layi, amma wani rukuni ya tsaya can ƙasa, ninki talatin da wani abu. Waɗannan daga wani gwaji dabam suke, wanda aka juya shi: hiliyam-3 aka harba a kan gas ɗin diyutariyam. Yadda ake rubuta su ma ya nuna: ³He(d,p)⁴He yana nufin hiliyam-3 ne abin hari, diyutaron ne harsashi, d(³He,p)⁴He kuma akasin haka. A na biyun abin hari ne mai nauyi 2, don haka 2 bisa 5 ake ninkawa. Hiliyam-3 mai 25 keV a na'ura 10 keV ne a tsakiyar nauyi, ita kuma ta mai da shi 15, wanda ya saukar da S ninki 36. Akwai tarko na uku a wannan layi da ta duba ta tarar bai kama ta ba, amma ya cancanci ambato. Don a sauka ƙasa sosai, wasu masu gwaji sukan harba diyutaron biyu ko uku a manne, su raba kuzarin a tsakaninsu. Na'ura tana kan bolt 30,000, amma in uku ne a manne kowane diyutaron 10 keV ya samu. Dole a karanta bayanin gwajin a ga wanne aka rubuta.

Wutsiyar da ta ɗaga sama

Bayan gyaran nan biyu, S ta kwanta daga 30 keV zuwa sama yadda ake so. Ƙasa da 20 keV kuwa sai ta fara ɗagawa, a wajen 6 keV ta haura layin da fiye da rabi. Ɗalibar, da ta riga ta ga kuskure biyu, ta ɗauka na uku ne, har ta yi niyyar goge ɗigogin. Ba kuskurenta ba ne, abin da na'urorin suka auna ke nan.

Hiliyam-3 da ke cikin bututun gwaji ba cibiya tsirara ba ce, atam ne cikakke da ilektoron biyu kewaye da shi. Diyutaron da ke tahowa daga nesa ba ya jin tunkuɗa, domin cajin ilektoron ya lulluɓe na cibiya, sai ya shiga cikin lulluɓin sannan tunkuɗar ta fara. Faɗin atam ya kai femtomita dubu talatin, wurin juyawar diyutaron kuma 480 ne, don haka a duk tsawon ratsa shingen abin da lulluɓin ke yi shi ne rage tsayinsa da wani adadi tsayayye, Ue. Daidai yake da a ce an ƙara wa diyutaron Ue a kan kuzarinsa. Assenbaum, Langanke da Rolfs ne suka ja hankali kan wannan a 1987, shekara guda bayan haka aka ga alamarsa a gwaji a Jamus, a wannan haɗewar da muke magana a kai. Ninkin da yake kawo wa faɗin karo, Ue da E duk suna cikin keV, shi ne:

f = exp(34.4 × Ue / E^1.5)

Ana iya lissafa iyakar Ue da alƙalami. Idan diyutaron ya matso a hankali, ilektoron biyun nan suna ganin caji 3 a maimakon 2, wato sun zama kamar na litiyam da ya rasa ilektoron ɗaya. Ana buƙatar 198.1 eV a raba waɗannan biyun da litiyam, 79.0 eV a raba su da hiliyam. Bambancin 119 eV ne, kuma shi ne mafi yawan abin da ilektoron za su iya bayarwa bisa ilmin atam. Da wannan adadin, ƙarin ya zama kashi 32 cikin 100 a 6 keV, kashi 14 a 10 keV, kashi 2.5 a 30 keV. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne awon ya fi haka. Ƙungiyar LUNA, da ke aiki a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, ta ba da rahoton 219 eV a 2001, kusan ninki biyu na iyakar. Da 219 eV ƙarin ya zama kashi 67 a 6 keV, kashi 27 a 10 keV.

A gas mai zafin digiri miliyan 116 babu ilektoron da ke manne da cibiya, don haka S ta cibiya tsirara ake buƙata a lissafin ɗalibar, kuma dole a cire wannan ƙarin. Goge ɗigogin da barin su yadda suke duk ba daidai ba ne. Da ta bar su ta daidaita layi ɗaya a kan dukkan alƙaluman, da wutsiyar ta ja layin sama daga hagu, ta lanƙwasa shi a tsakiya inda ake buƙatarsa.

Yadda aka samo lambobin tun farko

Malamin ya nace sai ta rubuta babi kan yadda ake yin awon, ko da yake ba za ta taɓa na'urar ba, kuma muna ganin yana da gaskiya. Wanda bai san wahalar samo lamba ba ba zai san iyakar da zai amince da ita ba.

Abu na farko shi ne haɗewa ba ita ce abin da ya fi faruwa a bututun ba. Kusan duk diyutaron da ya kusanci cibiya kaucewa yake yi, irin warwatsuwar da Rutherford ya bayyana a 1911. A 6 keV, diyutaron da ya nufi cibiya da gociyar da ba ta wuce femtomita 240 ba zai karkace da digiri 90 ko fiye. Da'irar da wannan tazara ta zana ta kai barn 1,800. A gwada ta da nanobarn 0.65 na haɗewa: a duk haɗewa ɗaya akwai irin wannan karkacewa kusan tiriliyan uku. Shi ya sa ake rufe fuskar na'urorin ƙidaya na silikon da siririn fallen ƙarfe, wanda ke tare diyutaron da suka warwatsu da hiliyam-4, ya bar furoton mai 14.7 MeV ya wuce. Wannan rinjaye na warwatsuwa shi ne kuma dalilin da ba za a taɓa samun ribar makamashi ta hanyar harba diyutaron a kan abin hari mai sanyi ba: kuzarin yana ƙarewa a zafi kafin a samu haɗewar kirki. Amma warwatsuwar na da nata amfanin. Tun da an san lissafinta sarai, ƙidaya ƙwayoyin da suka karkace zuwa wata kusurwa hanya ce ta sanin yawan harsashi da kaurin gas a tare.

Abu na biyu shi ne ƙarancin abin ƙidaya. A ɗauki misali da lambobi masu sauƙi. Kwararar diyutaron mai microampiya 100 tana kawo ƙwayoyi 6.2×10¹⁴ a daƙiƙa. Gas mai matsin milibar 0.3 a zafin ɗaki, tsawon santimita 10, yana da atam 7.4×10¹⁶ a kowane cm². A ninka su da 6.5×10⁻³⁴ cm², a samu haɗewa 0.03 a daƙiƙa. Idan na'urar ƙidaya na kama ɗaya cikin goma, furoton goma sha ɗaya ke nan a awa. A doron ƙasa, ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin sama suna iya binne irin wannan siginar. Dutsen Gran Sasso mai kaurin mita 1,400 yana rage mafi naci daga cikinsu kusan ninki miliyan. A can ne aka auna haɗewar hiliyam-3 da hiliyam-3 a 16.5 keV, inda ake samun kamar biyu a wata.

Ko ƙidaya harsashin ma ba a yi da mitar lantarki kai tsaye, domin diyutaron na ɗaukar ilektoron yana yarwa a cikin gas, cajin da ya isa ƙarshen bututu ba ya nuna adadinsa. Zafin da kwararar ke zubawa a kan ƙarfen ƙarshe ake aunawa, a raba da kuzarin ƙwaya ɗaya. Nan ma akwai ramin faɗawa: haidurojin biyu a manne nauyinsu 2 ne kamar diyutaron, maganaɗisun tacewa ba ya raba su, suna ƙara zafi ba sa haɗewa.

Abu na uku shi ne wanda ya fi shafar wutsiyar. Diyutaron na rasa kuzari yayin da yake ratsa gas, don haka kuzarin da ya shigo da shi ba shi ne wanda ya yi karo da shi ba. A ce, don misali, yana rasa 2 eV a kowane atam 10¹⁵ a cm². A bututun da muka lissafa zai rasa kusan 150 eV daga farko zuwa ƙarshe, 75 a tsakiya, wato 45 eV a ma'aunin tsakiyar nauyi. A 6 keV wannan kashi 0.75 ne cikin 100, wanda ke zama kusan kashi 10 a S. Ga inda abin ya yi tsanani: ƙarin Ue da ragin kuzari a gas duk matsar da E suke yi da 'yan eV gommai, lissafi ba ya iya bambanta su. Wanda ya ɗauka asarar ta fi yadda take zai ɗora awonsa a kan E da ta yi ƙasa, S ta kumbura, Ue ta fito da girma. Jadawalin asarar kuzari da ake amfani da su a ƙasa da 20 keV kuwa yawanci miƙo layi aka yi daga kuzari mafi girma. A 2000 masu gwaji suka nuna cewa asarar diyutaron a gas ɗin hiliyam-3 tana faɗuwa ƙasa da abin da jadawalin ya ce idan kuzari ya sauka ƙasa da kamar 18 keV, domin ilektoron ɗin hiliyam ba ya karɓar abin da bai kai 19.8 eV ba, diyutaron mai tafiyar hawainiya kuma ba ya iya miƙa masa haka a karo ɗaya. An shigar da wannan gyara, gibin da ke tsakanin awo da iyakar 119 eV bai rufe ba.

Yadda aka kammala

Tsarin da ɗalibar ta bi a ƙarshe shi ne wannan. Ta dawo da kanun kowane rukunin alƙaluma, ta ware layi guda ta rubuta mene ne harsashi, mene ne abin hari, kuzarin na wane ma'auni ne, σ a barn take ko milibarn. Ta mayar da komai tsakiyar nauyi. Ta daidaita layin S a kan ɗigogin da ke sama da 30 keV kawai, bayan ta raba kowanne da f ɗinsa, har zuwa bayan ƙololuwar 250 keV don layin ya san inda ya dosa. Daga nan ta lissafa matsakaicin σ a ninka da gudu bisa rabon Maxwell, wato yadda kuzari ke rarrabuwa tsakanin ƙwayoyin gas mai zafi, daga 1 keV zuwa 300, taki ɗaya keV ɗaya, da nauyin haɗin gwiwa na 1.1246×10⁶ keV a ma'aunin kuzari. Wuce 300 ba ya ƙara komai a wannan zafi.

Kafin ta amince da Excel, malamin ya sa ta yi gwajin hannu: a ɗauka S tsayayya ce a 6000 keV-barn, a yi amfani da kiyasin Gamow, ƙololuwa a 49 keV, faɗinta kusan 51 keV. Wannan ya ba da 1.6×10⁻¹⁹. Tun da an san S na hawa a wannan yanki, amsar gaskiya dole ta ɗara haka kaɗan, ba ta gaza ba. Cikakken lissafin ya fito kusa da 2×10⁻¹⁹, daidai unguwar Bosch da Hale. Ta ƙara kwatanci da haɗewar diyutaron da tiritiyam (haidurojin mai niyutoron biyu) a wannan zafin, wadda ke kusan 1.1×10⁻¹⁶, wato ninki ɗari biyar, saboda cajin tiritiyam 1 ne, lambar shingensa 34.38 ce maimakon 68.75, ƙololuwarsa kuma barn 5 ce a 64 keV kacal.

Game da Ue, ta gwada duka biyun. A 49 keV, 119 eV na ba da ƙarin kashi 1.2 cikin 100, 219 eV na ba da kashi 2.2, don haka zaɓin bai motsa amsar aikinta da fiye da kamar kashi ɗaya ba. Wannan ne ya ba ta damar rufe babban lissafin ba tare da ta jira a warware gardamar ba.

Ta so ta ƙara da fitar da Ue tata daga wutsiyar, a nan ne muke ganin ya dace a yi taka-tsantsan da abin da za a rubuta. Ue tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin ɗigogin awo da layin cibiya tsirara, layin nan kuwa babu wanda ya auna shi kai tsaye a 6 keV, miƙo shi aka yi daga sama. Idan layin ya sauka da kashi 5 cikin 100, Ue da aka ciro daga ɗigon 6 keV tana ƙaruwa da kusan 21 eV, wadda aka ciro daga ɗigon 10 keV kuma da kusan 46 eV. Da ta sauya siffar layin daga mai lanƙwasa biyu zuwa mai uku, amsarta ta motsa da eV gommai alhali ɗigogin ba su canja ba. Akwai dabarar da masana a Italiya suka bunƙasa don kauce wa wannan: a ɓoye diyutaron a cikin cibiyar litiyam-6, a harba da kuzarin da ya haura shinge, diyutaron ya yi haɗewarsa a ciki, ragowar hiliyam-4 ta wuce abinta, ta yadda lulluɓin ilektoron ba ya shiga lissafi. Wannan dabara siffar layin take bayarwa, tsayinsa sai an jingina shi da awon kai tsaye a babban kuzari. A rahotonta na ƙarshe ɗalibar ba ta ba da lamba ɗaya ba. Ta jera Ue ɗin da kowace siffar layi ta bayar, kusa da kowacce ta rubuta iyakar kuzarin da ta yanke ɗigogi da jadawalin asarar kuzarin da masu gwajin suka yi amfani da shi, ta ajiye 119 eV da 219 eV a gefe don mai karatu ya gwada.